Tarin Agwagwa

Laraba, 3 ga Agusta, 1994. Hantsi.

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka shigo ba sallama, zauna in ƙulla maka ka kwance. Agwagwar gidanmu ba ta shan ruwa sai fetur. Ba ta tari a tsakar gida, ba ta tari ran Juma'a, ba ta tari in mai magani ya zo duba ta. Sai ranar da mai ita ya sa kaki ya kama hanya, ranar take shaƙewa kamar ta haɗiyi ƙayar kifi. Mene ne ciwonta? In ka gaza kada ka ce za ka ba ni gari. Jalingo ma ta yi mini yawa.

Littafin na jikata Hamna ne, na lissafi. Shafi uku ta ci ta koma makarantar kwana, raguwa, ta bar mini sauran. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne. In ka ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi, tashe shi ka wuce.

Agwagwa ba tsuntsuwa ba ce. 'Yar mota ce mai ƙananan ƙafafu huɗu da rumfa a ka, ba ƙofa ba gilashi, inji da tanki duk suna ƙarƙashin mazauni. Turawan kamfanin da suka yi hanya ne ke hawanta a filin da suke bin ƙwallo da sanda, wasan da suke ce wa golf. Shekara ashirin da biyu mijina yana yi musu gyaran inji. Da za su tafi aka raba wa ma'aikata agogo, shi ya ce a ba shi wannan. Yaran unguwarmu Majidaɗi suka ga yadda take rangaji a lungunmu suka raɗa mata suna. Shi kuwa ni na raɗa masa nasa, Injiniya, tun yana jin haushi har ya saba. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda da hutu biyu. Agwagwa ce ƙafarsa.

Yau ya sa kaki. Bai wuce rumfar Dokas mai ƙosai ba ta fara tari, ta yi harbi biyu ta zauna. Masu cin ƙosai suka turo shi gida.

Alhamis, 4 ga Agusta. Bayan la'asar.

Nasiruddeen ya zo, ɗana na biyu. Tun da aka yi jiha aka ba shi tebur a sakatariya, dariyarsa sai an cika takarda. Bai zauna ba.

"Dada, sau ɗaya zan faɗa. Aka sake tsinto Baaba a bayan gari, motar nan ta bar gidan nan, shi kuma ya dawo wurina a unguwar Barade. Akwai ɗaki, akwai get, akwai maigadi."

"Turken fa, ka kafa ko sai mun zo?"

"Ba wasa nake ba. Ki ɓoye makullin."

"Na ɓoye. Kafin in gama wanke kofi ya haɗa waya biyu ya tashe ta. Sunan kwanaki ubanka ya manta, bai manta waya ba."

Tsiya nake masa, amma yaron bai yi ƙarya ba. Talatar sha tara ga watan jiya makiyaya ne suka samo Injiniya bayan gadar hanyar Wukari, rana ta yi ja, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ruwa ya cinye gefen hanyar, tsakanin ƙafar Agwagwa da ramin taki biyu. Ya ce musu tarar wani ya zo yi. Ba sai na rubuta ko wane ne ba.

Gidan nan da hannunsa ya gina shi, ya san kowane tudu ko ido a rufe. A kai shi ɗaki mai fenti a ja get, wata ɗaya ba zai yi ba. Na san mijina.

Tun daga waccan Talatar Agwagwa ta kamu da tari. Ikon Allah.

Juma'a, 5 ga Agusta. Bayan an sauko.

Farar riga yau. Ya tashi ya san ni, ya san ranar, har ya ce kununa ya yi tsami kamar bakina. Na ce shekara arba'in da huɗu kana sha ba ka mutu ba. Agwagwa ta kai shi masallaci ta dawo da shi, ko atishawa ba ta yi ba. Ya shigo yana shafa mata rumfa. "Kin gani? Datti ne, ya wuce."

Na ce na gani.

Litinin, 8 ga Agusta. Safe.

Kaki. Tari. Rumfar Dokas.

Talata, 9 ga Agusta. Azahar.

In ya wayi gari ya jawo kakin kamfani daga ƙasan akwati, ba sai an gaya mini ba. Idonsa na kaina amma ba ni yake kallo ba. Yana sauri, yana duba agogon da babu a hannunsa. In an turo shi gida aka cire kakin, zuwa azahar sai ya dawo cikin kansa, ya tuna abu ɗaya tak: inji ya kunyata shi gaban jama'a.

Yau fulogi ya ɗora wa laifi. Ya kwance shi, ya kankare, ya hura, ya jingina shi jikin inji ya ce in taka totur ya ga wuta. Na taka. Wuta shuɗiya tas. "Lafiyarsa ƙalau, munafuki," ya ce, ya mayar. Ya zagaya tsakar gida sau goma sha biyu, kajina na neman tsira. Ba tari.

Da can in inji ya yi masa gardama dariya yake yi, ya ɗauko labarin zanzaro, wanda ya bayar a kowane suna da kowane biki har yara suka haddace. Bana ko sau ɗaya bai ba da shi ba.

Alhamis, 11 ga Agusta. Hantsi ya ɗaga.

Dokas da kanta ta rako masu turi, hannunta duk ƙullu. Ta ja ni bayan rumbu.

"Mama, yau Baba bai sauka ba. Ya zauna cikin motan yana kira, yana kira, har mutane sun taru. Na ba shi ƙosai, bai karɓa ba."

"Wa yake kira?" na ce, kamar ban sani ba.

Ta dubi ƙasa ta faɗa.

Mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, uba ma haka. Shekara arba'in muna cewa "wancan", muna cewa "babban yaron". Ko ranar aurensa ban dube shi ido da ido ba, kada a ce ban da kunya. Yau ga Injiniya a bakin titi, gaban masu cin ƙosai, yana rabka sunan kamar mai talla. Malamai su ba ni fatawa: rubuta suna faɗa ne? In ba faɗa ba ne, to ga shi. Manga.

Shekara uku ke nan da ya tafi kudu da motar doya, lokacin da hanya ta ɓaci. Motar an gan ta, shi ba a gan shi ba.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Asabar, 13 ga Agusta. La'asar.

Fetur ya yi wuya a garin nan, mutum ya kwana uku a layi ya dawo da jarka ba komai. Saboda ɓarayin mai, tun watan jiya Obadiya ya sa wa murfin tankin kwaɗo, makullin yana bakin zanena. Obadiya a hannun Injiniya ya koyi aiki, yanzu yana da garejinsa a Abbare, yana da furfurarsa.

Yau 'yan bumburutu ne masu laifi, wai sun gauraya masa man da kananzir. Ya sa na buɗe tankin, ya zura tiyo ya tsotsa da baki kamar yana ɗan shekara talatin. Man ya wuce masa. Ya yi ta tari har ya durƙusa, idanu jajur, na ba shi madara ya amayar. Da ya farfaɗo ya tace man da tsohon ɗankwalina, ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya jira ya bushe. Man ma lafiyarsa ƙalau. Rabin kwalba ya tafi a ƙasa.

Masu tari sun zama biyu a gidan.

Ƙaron da nake haɗa turaren wuta da shi ya kusa ƙarewa. Sai na aika kasuwa.

Litinin, 15 ga Agusta. Safe.

Kaki. Ta wuce rumfar Dokas ba ta ce uffan ba. Sai a firamare ta zauna. Wannan ban gane masa ba.

Laraba, 17 ga Agusta. Magariba ta gabato.

Ya ciro kafireta. Ya aro faifaina ya baje ta a kai, ƙarfe-ƙarfe ƙanana kamar kayan cikin kaza. Ya wanke kowanne da fetur, ya bi kowace huda da zaren waya, yana 'yar waƙarsa ta aiki. Na yi murna da jin waƙar, Allah ya yafe mini.

Da ya zo haɗawa waƙar ta tsaya. Ina tankaɗe ina kallonsa ta gefen ido. Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini ya ajiye, ya sake ɗauka. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Inuwar mangwaro ta bar shi a rana bai matsa ba.

"Hajaratu."

"Na'am."

"Wannan ina yake shiga?"

Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa tambayata wurin ko ƙusa ba. Na so in ce masa a hancinka. Na ce bari a kira Obadiya. Bai ce a'a ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Alhamis, 18 ga Agusta. Azahar.

Obadiya ya durƙusa ya gaida ogansa kamar jiya ya bar shagon. Ya haɗa kafireta a hankali, yana tambaya da gangan, "Oga, wannan kafin wannan ko?" don tsohon ya gyaɗa kai. Ɗan halak. Ya gwada wuta, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya kai ta har kasuwa ya dawo.

"Oga, motan nan ba ya da komai."

"To ƙarya nake?"

"A'a, Oga. Wataƙila kwayil ne, in ya yi zafi yana yanke wuta."

"Ka canza."

Ya canza. Na kawo masa fura, ya sha yana kallon Agwagwa kamar mai bin sawun ɓarawo.

Juma'a, 19 ga Agusta. Bayan an sauko.

Farar riga. Lafiya ta je, lafiya ta dawo. Bai shafa mata rumfa ba.

Talata, 23 ga Agusta. La'asar.

Kaki tun da safe. Ta wuce Dokas, ta wuce firamare. Ina bakin zaure ina jiran masu turi, shiru. Sai ga ɗan acaɓa da saƙo: tana shataletalen da ake karyawa hanyar Wukari, Obadiya na wurin, wai in zo da makullin tanki.

Na same su a gefen titi, manyan motoci na wucewa suna girgiza rumfar. Injiniya na riƙe da sitiyari da hannu biyu yana kallon kudu. Obadiya ya lallaɓa shi ya sauka ya zauna a benci wurin mai faci, sannan ya ɗaga mazauni, ya buɗe kwaɗo, ya murɗa murfin. Tankin ya ja numfashi, fuuu, kamar wanda aka daɗe da danne masa hanci.

Obadiya ya tsaya. Ya juya murfin a hannunsa, ya kankare tsakiyarsa da farce, ya kai hanci. Sannan ya dube ni.

"Mama, zanzaron gidanku yana haɗa turaren wuta ne?"

"Zanzaron zamani ne. Me ba ya yi?"

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya rage murya.

"Mama, na gane dalili. Amma ki ji. In tanki ya cika, da wuri yake shaƙewa. In mai ya yi ƙasa, wurin iska ya yi yawa, sai ya yi nisa kafin ya tsaya. Kullum mai yana raguwa, kullum igiyan yana ƙara tsawo. Sati mai zuwa zai kai gada."

"To a cika shi."

"Da wane mai, Mama?"

Ya dubi ogansa a kan benci, kaki ya yi masa yawa, yana motsa baki shi kaɗai.

"Kuma mutumin nan yana cin kansa. Jiya ya zo gareji ya tambaye ni ko shi ne ya lalace ba motan ba. Ni ba zan faɗa masa ba. Amma ba zan sake canza abu mai lafiya ba."

Na ce useko. Ban san me nake gode masa a kai ba.

Alhamis, 25 ga Agusta. Hantsi.

Ya tashi cikin hankalinsa sarai. Ya sa aka fito da akwatin sifanunsa, wanda ko 'ya'yansa ba sa taɓawa, ya goge su ɗaya ɗaya, ya ce a kai wa Obadiya. Ya aika aka kira Nasiruddeen daga ofis.

"Ka zo da mota ka kwashe mu, ni da ita," ya nuna Agwagwa, ba ni ba. "Inji mai fulogi ɗaya. Wata guda ina binsa ban gane ciwonsa ba. Makanikin da ya kai nan, ɗaki ya kamace shi."

Nasiruddeen ya dube ni, ya zaci zan yi tsiya. Ya ce Asabar ta sama zai samo akori-kura.

To, ga shi na samu abin da nake nema. Ba zai sake zuwa gada ba.

Asabar, 27 ga Agusta. Azahar.

Ba kaki. Ba farar riga, jiya ma bai je masallaci ba. Ba tari.

Lahadi, 28 ga Agusta. La'asar.

Cokali uku na kunu. Fuska a bango. Na ce masa kunun ya yi tsami kamar bakina, ko zai tanka. Ya ce, "Ya yi daidai."

Litinin, 29 ga Agusta. Safe.

Kaji sun fara kwana a kan mazaunin Agwagwa. Na kore su. Sun dawo.

Talata, 30 ga Agusta. Bayan la'asar.

Da safe na ɗaga mazaunin na yi abin da na saba yi, karo na ƙarshe. Sannan na ɗauki tabarmata na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado.

"Ga ta nan," na ce.

Ya ƙara jan bargo.

"Tunda ba mai cewa ta zo, ta zo da kanta, ai ba ta da kunya. An yi wani babban Bature mai ilmin inji, cikinsa kamar randa. Motar wasansa ta kamu da tari. In ya fita sai ta bari ya yi nisa ta zauna, ya dawo a ƙasa yana zufa, ja kamar gauta. Ya aika Ikko aka kawo fulogi, tari. Aka kawo kafireta a jirgi, tari. Sati uku. To a cikin ma'aikata akwai wani siririn makaniki, kunnuwa kamar faifai, mummuna na gaske, ban san yadda aka yi ya auri kyakkyawa ba."

Bargon ya ɗan motsa.

"Shi bai kwance komai ba. Ya zauna a inuwa yana kallonta kawai, har ana cewa raggo ne. Can sai ya ga zanzaro ya zo da laka a baki, ya shige ƙarƙashin mazauni, ya fito ba laka. Ya sake zuwa, ya sake shiga. Sai mummunan nan ya miƙe, ya ɗauki..."

Na ciro goro na ɓare.

"Ya ɗauki me ma? Tsufa. Na manta ƙarshen."

Na tauna goron nan har ya zama gari. Ina jin numfashinsa.

"Tsinke," ya ce wa bango.

"Me?"

"Tsinken tsintsiya ya ɗauka. Kin ɓata labarin, ba sati uku ba ne, kwana goma sha tara ne." Ya juyo. "Tanki ma numfashi yake yi. In mai ya fita iska ba ta shiga ba, sai ya riƙe man, inji ya yi ta..."

Ya tsaya da bakinsa a buɗe. Na ga abin ya taso masa tun daga ƙirji har ido.

"Ba ni allura."

Hutu ɗaya ya yi zuwa tsakar gida, ba biyu ba. Na buɗe masa kwaɗo. Ya ɗaga murfin saitin rana, ya rufe ido ɗaya, bai ga haske ba. Hannun nan da ke rawa da cokali bai yi rawa da allura ba. Ya caka, ya murza, ya ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar gero. Ya sake ɗagawa, rana ta ɗigo masa a kumatu.

Ya daɗe yana kallon abin a tsinin allura. Ya kai shi harshe. Laka ba ta narkewa da santsi, kowa ya sani. Ya dube ni, na dube shi, na gyara tsayuwa in karɓi abin da zai zo.

"Zanzaro ne," ya ce.

"Zanzaro ne," na ce.

Ya ci tuwo malmala biyu. Ya aika a karɓo masa sifanunsa.

Laraba, 31 ga Agusta. Azahar.

Kaki.

Yana ɗaura maɓalli ina ɗaura gyale. Shekara goma sha ɗaya Agwagwa na gidan nan ban taɓa hawanta ba, ina cewa mace mai mutunci ba ta hawa amalanken Turawa. Da can gaskiya ce. Shekara ukun nan kuwa ba kunya ta hana ni ba, hanyar ce ba na son gani.

Ya same ni a zaune a gefen direba. Ya dube ni kamar fasinjar da bai sani ba, ya ce in riƙe ƙarfe.

Muka wuce Dokas, ta bar ƙosai a wuta tana kallo. Muka wuce firamare, muka karya shataletale. Injin na tafiya sumul, ko gyaran murya babu. Gidaje suka ƙare, dawa ta yi kai a gonaki, ruwa kwance ko'ina. Yana ta kiran sunan a hankali, ni ina ta salati. Na riga na shirya, in muka kusa ramin zan kama sitiyarin da hannu biyu, in mun kife mu kife tare.

A bakin gada ya ɗaga ƙafa da kansa. Agwagwa ta yi shiru. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Muka zauna muna kallon motocin da ke zuwa daga kudu. Ta itace, ta shanu, ta doya guda biyu. Kowacce sai ya miƙe wuya.

Can ya juyo, na ga idonsa ya dawo.

"Hajaratu? Me muka zo yi nan?"

Ƙarya iri-iri ta zo mini, ni da ba na rasa ta. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

"Tarar Manga muka zo," na ce. Da bakina, da ƙarfi, a kan titi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗora hannunsa mai baƙin mai a kan nawa, ya sassauta murya kamar mai lallashin yarinya.

"Haba, Hajaratu. Ai ba zai dawo ba. Ba wanda ya gaya miki?"

Shekara uku ban yi kuka gaban mutum ba. Ya bari na gama. Ya juya Agwagwa a hankali, nesa da ramin, ya kawo ni gida yana ta ba ni haƙuri.

Asabar, 3 ga Satumba. La'asar.

Nasiruddeen ya zo da akori-kura da ƙarti biyu. Ya tarar da ubansa a tsakar gida yana ɗaure salansa, tsohon ya tsare shi da labarin zanzaro tun daga randar Bature har tsinke. Ƙartin suka yi ta dariya. Ni na ja ɗana zaure na gaya masa inda muka je.

"Na ce in aka sake..."

"Ka ce in aka tsinto shi. Ba a tsinto shi ba. Ni na raka shi, shi ya dawo da ni."

"Ran da bai tsaya ba fa?"

"Ina kusa da sitiyari."

Ya shafa fuska. Ya leƙa tsakar gida, tsohon na nuna wa ƙartin murfin tanki saitin rana.

"Har gadar kika je, Dada?"

"Har gadar."

Shi ma tun shekarar bai bi hanyar ba, ko aikin ofis ne sai ya tura wani.

"Ba zan ɗauke shi yau ba. Amma ba zan sake kawo ko kwalbar fetur ɗaya ba. Ran da wannan ya ƙare, ya ƙare."

Akori-kura ta koma ba kaya.

Litinin, 5 ga Satumba. Azahar.

Kaki. Gyale. Gada. Ya sake tambaya, na sake faɗa, ya sake ba ni haƙuri. A wurinsa kullum yau ne karo na farko. A wurina ma kusan haka.

Na zura kara a tanki da muka dawo. Yatsa huɗu. Ban san zuwa gada sau nawa ke nan ba, kuma ba zan tambayi Obadiya ba.

Kai mai leƙe, na ga har yanzu kana nan, ga amsarka. A tsakiyar murfin tankin Agwagwa akwai huda kamar ta allura, ta nan iska ke shiga in mai ya fita. Duk safiyar da ya jawo kaki, ni nake tauna ƙaro in toshe ta, in an turo shi gida in sa allura in buɗe. Agwagwa ba ta taɓa ciwo ba.